Wankin Hoton Inna A'i

A unguwar Liman Abaji da ke Keffi, idan ka tambayi gidan Zubaidatu mai hoto, ko baƙon da ya sauka garin jiya zai nuna maka da baki. Amma ba da wannan suna ta fara ba. Da can Zubai mai lalle ake ce mata. Daga baya aka koma Zubai mai waya, kuma masu faɗin wannan na biyun ba yabo suke nufi ba. Yadda sunan ya tashi daga mai waya ya koma mai hoto, har dattawan unguwa suka kama shi a bakinsu, shi ne abin da zan ba ku. Ku gyara zama.

Ita dai 'yar Malam Uwais ce, wanda ya tsufa yana koyar da lissafi a firamare. Tun tana budurwa Allah ya yi wa hannunta albarka a zane, ta zama duk amaryar da za a yi a unguwar sai ta bi ta hannunta. Da ta yi aure, mijinta Izzuddeen, ɗaya daga cikin masu sammakon nan zuwa aiki Abuja su dawo bayan magariba, ya sayo mata waya mai kyakkyawar kyamara, ya ce ta riƙa sa aikinta a sitatus mutane su gani.

A nan ta fara lura da wani abu. In ta ɗauki hoton hannun amarya a cikin ɗaki, sai jan lallen ya mutu, furen ya cakuɗe. In kuwa ta jawo amaryar bakin ƙofa da hantsi, haske ya shigo ta gefe guda, sai ka ga kowane ɗigo ya tashi tsaye kamar ka taɓa. Ba wanda ya koya mata. Ita kanta ba ta ɗauke shi ilimi ba, ta ɗauka dabara ce kawai ta masu lalle.

Daga hannu aka haura fuska. "Anti Zubai, tunda kin ɗauki hannun, haɗa da mai hannun mana." Kun kuwa san gidajen cikin gari: mai hoto namiji iyakarsa ƙofar gida, wajen ɗaurin aure da gaisawar maza. Can ciki, inda mata ke ajiye mayafi su yi kamu, su yi guɗa, su taka rawa har gwaggo ta manta da ciwon gwiwarta, ba namijin da ke leƙawa. Shekara da shekaru wannan shagalin yana wucewa ba hoto, ko kuwa a samu wani mai hazo da wata ta ɗauka hannu na karkarwa. Wannan gurbin Zubaidatu ta shiga, ta zauna daram.

Kaya kuma suka fara taruwa. Ta sayi ƙafa uku da ake kafa waya a kai. Ta sayi fitilar nan mai zagaye kamar zobe, wadda ake sa waya a tsakiyarta. Aka zo ga gimbal, sandar da ke riƙe waya ta hana ta girgiza ko da mai riƙon tana bin amarya da gudu. Sai wani ɗan makirfo mai gashi buzu-buzu, wanda tsofaffin unguwa suka raɗa wa suna ɓeran Zubai. Ga ƙananan gilasai da ake maƙala wa idon wayar, ga fawa banki saboda halin wuta. Duk ta zuba su a wata tsohuwar jaka da ta yi goyon fari da ita. In ka ga keke ya tsaya a ƙofar gidan biki, mace ta fito da jakar jarirai ba jariri, to ita ce.

Akwai mutum ɗaya a Keffi da wannan jaka ke ba dariya fiye da kowa, shi ne Baba Dogara. Situdiyonsa na Sabon Gari, tsakanin masu gyaran babur da wata mai sayar da shinkafa. Bamade ne a ƙabila, haifaffen Keffi, ya yi furfura da kyamara rataye a wuya, baƙa ƙirin, mai dogon hanci kamar kan taɓarya. Shi ya ɗauki hoton auren Malam Uwais, shi ya ɗauki na sunan Zubaidatu, shi ya jera su a filin makaranta ranar da suka gama firamare. Kuma da yake shi ke da injin fitar da hoto a takarda, dole ta bi ta shagonsa duk lokacin da amarya ta ce tana son albam.

"Ga 'yar Malam da shagonta a jaka," haka yake tarbarta. "Yau me aka ƙaro? Saura ki saya wa wayar nan babur."

"Ina kwana, Baba. Ita dai ba ta karya mini wuya."

"Wuyana ya saba. In kina tsakiyar ɗaukar amarya aka kira ki fa?"

"Sai in miƙa wa amarya ta amsa."

Sai ya yi dariya har ya dafa tebur. Amma a ƙasan wasan kowa na da abin da ya riƙe. Shi cewa yake waya maƙaryaciya ce, mutum bai yi kwalliya ba ta yi masa. Ita kuma ta ce tasa kyamarar tsorata mutane take, da ya ɗaga ta kowa sai ya ƙame kamar an kira sunansa a kotu. A ranta ta san akwai inda ya fi ta: in abu ya yi nisa, ko wuri ya yi duhu, wayarta sai ta fara kame-kame, tasa kuwa ko gezau. Shi ma ya san akwai ɗakunan da shi da kyamararsa ba za su taɓa taka ƙafa ba. Ba dai wanda ya taɓa faɗa wa ɗan uwansa.

To akwai wata kalma da ta shiga tsakanin zamaninsa da nata ba tare da sun ankara ba. A bakin Baba Dogara da sa'o'insa, wanke hoto shi ne a fitar da shi a takarda, tun lokacin da ake shiga ɗaki mai duhu a tsoma takardar a ruwan magani. A bakin amaren Zubaidatu kuwa, in yarinya ta ce "Anti Zubai, don Allah ki wanke ni," nufinta a share ƙuraje, a kashe tabo, a ɗan ƙara haske, fuska ta yi sumul kamar ta 'yar tsana. Ta ji wannan roƙo har ya zame mata jiki. Ta kunna abin da ke gyara fuska a cikin wayar ta bar shi a kunne, ta ma manta akwai inda ake kashe shi.

Ana nan sai maganar hoton Inna A'i ta taso.

Inna A'i ungozoma ce a zamaninta. Rabin mutanen Liman Abaji a hannunta suka faɗo, har da Zubaidatu. Ta tsufa ƙwarai, amma ido da baki suna nan garau. Ba ta taɓa zama an ɗauke ta hoto ba sai na fasfon Makka, wanda ta ce ta fito a ciki kamar wadda aka kama da kazar mutane. Ɗanta Alhaji Zulkifilu, da ya yi ritaya daga aikin gwamnati ya gyara falonsa, sai ya ƙudurta sai ya rataya babban hoton mahaifiyarsa a bango. Ya ce a kira Dogara.

Inna ta ce, "Namiji ba zai tsaya a kaina yana ce mini ɗaga haɓa ba."

Humaira, jikarta, wadda tare suka yi makaranta da Zubaidatu, ta ce to a kira Zubai mana.

"Mai waya?" in ji Alhaji. "Ina maganar hoton da jikokin jikoki za su gani, kina kawo mini abin sitatus da ke ɓacewa kafin gobe."

Amma Inna ta ɗago kai. "Zubai ta Uwaisu? Ta zo. Sau ɗaya zan zauna, babu na biyu. Kuma kada in ji ni a duniya." Duniya a wurin Inna ita ce duk inda hoto ke zuwa in ya shiga waya.

Da Humaira ta kawo saƙon, har da abin da Alhaji ya faɗa ba ta rage ba, Zubaidatu ta gane abin da ke gabanta. Falon Alhaji Zulkifilu nan ne dattawan unguwa ke zama bayan Juma'a. In hotonta ya hau wannan bango, sunan mai waya ya mutu. In ya kasa hawa, to ta san da shi za a kira ta har ta tsufa, ko da ta sayi kyamarar da ta fi ta Dogara.

Ranar zaman ta kwashe jakar kaf. A cikin ɗakin Inna ta kafa ƙafa uku, ta ɗaura fitilar zobe, ta kunna ta har ƙarshe. Inna na zaune bakin gado cikin farin leshi da mayafi ruwan toka, ta kanne ido.

"Wannan kuma wata ne kika kamo kika sa a sanda?"

"Haske ne, Inna, don ki fito."

"Da a ɓoye nake?"

Aka ɗauka. Zubaidatu ta duba, ta ga fuska ta yi fes, ta ji daɗi. Tana naɗe kaya Inna ta ce, "To, ki wanke ni da kyau, Zubai."

"Inna, za ki ga wanki."

Ta kuwa zauna ta yi aikin da ba ta taɓa yi wa wata amarya ba. Duk wani layi, duk wata inuwa, ta bi ta lallashe shi har ya kwanta. Da ta kai wa Baba Dogara, ya buɗe hoton a kwamfuta ya daɗe yana kallo. Ya dube ta, ya sake duban hoton.

"Haka suka ce a yi?"

"Ita da bakinta ta ce in wanke ta da kyau."

Ya fitar da hoton, aka sa shi a firem mai ruwan zinariya.

Da yammacin wata Asabar ta kai shi gidan. Mata da 'yan mata suka taru a tsakar gida, Alhaji na tsaye da hannu a baya. Aka yaye takardar. 'Yan matan suka ɗauka da tubarkalla, wata ta ce Inna ta koma budurwa, wata ta ce a ɓoye hoton kada manema su fara sallama. Aka jingina firem ɗin a gaban Inna, ta sa tabarau, ta kalla a tsanake.

"Masha Allah. Kyakkyawa da ita. 'Yar gidan wa ce?"

Aka tuntsire da dariya. Humaira ta ce, "Ke ce mana, Inna."

Inna ta kai yatsa kuncinta, ta shafa. Ta kai shi kan gilashin, ta shafa kuncin matar da ke ciki. Sannan ta ce, "Ina askata?"

Dariya ta ɗauke. Inna A'i na da zane siriri guda uku-uku a gefen bakinta, da bille a kuncin hagu. Tsufa ya shigar da su cikin tamoji, har waɗanda ke ganinta kullum sun daina lura. A hoton kuwa babu ko alamarsu.

"Zo nan, Zubai." Ta matso ta durƙusa. "Ni na wanke ki ranar da kika zo duniya. Akwai tawadar Allah a bayan kunnenki na hagu. Taɓa ki ji, tana nan ko na goge ta?"

Zubaidatu ta sunkuyar da kai. "Tana nan, Inna."

"To. Wannan askar gidan ubana ce. Duk gidan nan, da 'ya'ya da jikoki, ba mai ita sai ni, an daina yi. In na tafi ta tafi. Kuna tsammani don in yi kyau na yarda na zauna gaban watan nan naki?" Ta tura firem ɗin da ƙafa a hankali. "A juya baƙuwar nan ta kalli bango, tana sa ni jin kunya."

Alhaji ya yi gyaran murya. "Dama na faɗa. Humaira, gobe a kira Dogara da kyamara ta gaske."

"Na ce sau ɗaya," in ji Inna, ta tashi ta shige ɗaki.

A keke, kafin ta isa gida, Zubaidatu ta buɗe hoton na asali wanda ba ta taɓa ba, tana fatan askar na nan. Babu, sai wata 'yar inuwa. Wayar ta riga ta lashe rabi tun lokacin ɗauka, fitilar ta cinye sauran. Ba abin da za a ceto.

Washegari bayan an taso daga coci ta sami Baba Dogara yana buɗe shago. Bai yi mata wasan jaka ba, don ya ga fuskarta. Ta ba shi labari tun daga farko.

Ya zauna ya yi ajiyar zuciya. "Na gani tun ranar. Inna A'i ce ta karɓi haihuwar ɗana Ezekiyel, na san fuskarta. Na zaci 'ya'yan ne suka ce a yi haka." Ya girgiza kai. "Kin ga, 'yar Malam, mu da muna cewa wanki, takarda ce fara fat za ka tsoma a ruwa, ka tsaya kana kallo har mutum ya fito. Ku naku wankin, mutum na nan za a yi ta dirzawa har ya tafi."

Sai ya yi abin da ba ta taɓa gani ba. Ya cire kyamarar daga wuyansa ya ajiye a gabanta.

"Ɗauki. Ko Ezekiyel ban taɓa ba shi aro ba. Zan saita miki komai, ke dai ki danna."

Ta ɗaga ta da hannu biyu. Nauyinta kaɗai ya isa ya sa mutum ya ji shi wani ne. Ta hango kanta tana shiga gidan Alhaji da wannan a wuya, ta hango yadda zai gyara tsayuwa. Sai kuma ta hango abin da zai biyo baya: in hoton ya yi kyau, kyamarar Dogara ce ta yi, mai waya ta je ta aro abin gaske. Kuma Inna da ta kanne ido don fitila, ina ga an nuna mata wannan dogon hanci.

"Baba, da kai ne, da filas, fitilar kan kyamara, za ka ɗauka?"

"Filas a gaba? Ai ita ma wannan sai ta cinye askar. Hasken da ya bugi fuska gaba da gaba cike rami yake yi. Zane kuwa rami ne, sai da 'yar inuwa yake fitowa."

Bakin ƙofa ya faɗo wa Zubaidatu a rai, da hantsi, da hannun amarya, da yadda kowane ɗigo ke tashi in haske ya zo ta gefe. Ashe ta san wannan tun tana mai lalle. Kayan jaka ne suka taru suka danne shi.

Ta mayar da kyamarar gabansa a hankali. "Na gode, Baba. Ajiye mini ita. In na kasa zan dawo in durƙusa."

"Za ki koma da maƙaryaciyar?"

"Ni na koya mata ƙaryar."

Ta bari aka ɗan kwana biyu zuciya ta huce. Sannan ta sa aka dako mata ganyen lalle irin na da, ba na leda ba, ta kwaɓa shi ya kwana. Da hantsi ta yi sallama ɗakin Inna, ba jaka, sai kwano a hannu da waya a cikin zani.

"Kin zo ki goge mini ƙafa kuma?" in ji Inna, ba ta ko kalle ta ba.

"Haƙuri na zo bayarwa, Inna. Kunnena ne ya yi kuskure." Ta durƙusa ta bayyana mata abin da amare ke nufi in sun ce a wanke su.

Inna ta juyo. "Wato yanzu in an ce wanki, kankare mutum ake yi?"

"Haka suke so."

"Mazajen kuma in an kai musu amarya su ga wata daban?"

"Su ma an wanke su, Inna."

Dariya ta ƙwace wa tsohuwar, ta yi ƙoƙarin mayar da ita tari bai yiwu ba. Ta leƙa kwanon, ta shinshina. "Wannan lallen kirki ne. Rabona da irinsa tun ana saka hannu a zunguru."

Humaira ta shimfiɗa tabarma a bakin ƙofa, aka sa wa Inna matashi ta jingina da dokin ƙofar. Zubaidatu ta ɗora ƙafar tsohuwar a cinyarta ta fara dunƙula lallen, tana naɗewa da ganye da tsumma. Da aka gama ƙafa ta biyu Inna ta dubi ƙafafunta ta ce, "Na gane dabarar. Kin ɗaure ni ne don kada in gudu."

"Inna, wa ya yi miki askar?"

"Ina zan sani, ina jaririya? Wanzamin gidanmu dai. Amma ta yi mini rana." Ta gyara jingina. Ta ce tana ƙarama ta bi yayarta kasuwa ta ɓace a cikin mutane, ta yi ta kuka ba ta ma iya faɗin sunan gidansu. Wani mai goro ya ɗaga haɓarta ya duba, ya ce wannan ai 'yar gidan Jatau ce, ya saɓa ta a kafaɗa har ƙofar gida. Ta ce babanta in tana rigima, da babban yatsa yake bin billen nan yana shafawa har ta yi barci. Tana faɗa tana bin wurin da nata yatsan.

Zubaidatu na saurare, amma idonta na kan fuskar. Rana ta haura katanga, haskenta ya zubo ta gefen dama ya kwanta a kuncin Inna. Ga zanen nan sun fito ɗaya bayan ɗaya, ga billen, ga tamojin da suka kewaye su kowanne da hanyarsa.

"Inna, kin ce sau ɗaya za ki zauna wa hoto, kin kuma zauna. Yau lalle kika zauna wa. In kin yarda in ɗauka a haka. In ba ki yarda ba, wayar ba za ta fito ba."

Inna ta dube ta ta wutsiyar ido. "Ina watan naki?"

"Yana gida."

"Ɓeran fa?"

"Duk suna gida."

"Ko leshi ban sa ba."

"Ba leshin Alhaji zai rataya ba."

Tsohuwar ta ce, "To ɗauka. Amma ni zan fara gani kafin Dogara."

Zubaidatu ta goge hannu, ta fito da wayar, ta shiga can ciki ta nemo abin gyaran fuskar ta kashe shi. Babu ƙafa uku, sai ta jawo turmi ta kife, ta dafa gwiwar hannu a kai. Ɓangaren hagu ya ɗan yi duhu, ta ce Humaira ta ɗauko farin faranti ta riƙe daga can ƙasa, haske ya dawo kaɗan, daidai yadda billen zai fito bai nutse ba. Ba ta ce a ɗaga haɓa ba, ba ta ce a yi murmushi ba. Cewa ta yi, "Mai goron nan, ya ba ki goro kuwa?"

"Marowaci ne, ko ɓari bai—"

A nan ta danna.

Humaira ta kai wa Inna wayar, ta buɗa hoton da yatsu biyu har kunci ya cika fuskar wayar. Inna ta sa tabarau. Ta bi zanen dama da ido, ta bi na hagu, ta tsaya a kan billen. Ta daɗe.

"Yauwa," ta ce. "Ga A'i 'yar Jatau. Wannan ko a kasuwa ta ɓace za a kawo ta gida. Je ki wanke, irin wankin Dogara."

Da hoton ya buɗe a kwamfutar Baba Dogara, sai ya cire tabarau ya goge da bakin riga ya mayar.

"Da me aka ɗauki wannan?"

"Ka sani, Baba."

"Ba ke nake tambaya ba. Wayar nake tambaya ko ta tuba." Ya matsa kusa. "Hasken ƙofa ne. Wannan na ƙasa fa?"

"Farantin tuwo."

Ya yi dariya, ya tashi ya buɗe wata durowa ya fito da takardar da yake ɓoyo, wadda ba ta ƙyalli. Ya ce ba ruwan zinariya a wannan, baƙin katako za a sa. Da ya gama ya jingina shi a bango ya ja da baya, sai ya ce a bar masa ƙarami ɗaya ya rataya a shago.

"Inna ta ce kada ta ji ta a duniya."

"Sabon Gari ne duniya?"

"A wurin Inna, in ka tsallaka titi ka shiga."

Alhaji Zulkifilu da kansa ya hau kujera ya buga ƙusa, bai bar kowa ya taya shi ba. Da ya sauko ya tsaya gaban hoton, sai ya ce a hankali, kamar da kansa yake magana, ya manta rabon da ya kalli fuskar mahaifiyarsa sosai. Ranar Juma'a dattawa suka shigo suka zazzauna, ido ya kai bango. Wani ya ce kai, ga Inna kamar ta yi magana. Wani ya ce aikin Dogara ne wannan, ba tambaya.

"A'a," in ji Alhaji. "Zubaidatu ce, mai hoto. 'Yar Malam Uwais."

Humaira na bayan labule da tiren shayi, ita ta kawo maganar da ɗuminta. Zubaidatu ta sa ta maimaita, wai ba ta ji da kyau ba.

Jakar goyon na nan, ba ta yar da komai ba. Gidan biki sai da gimbal, amare kuma har gobe suna son watansu da wankinsu, tana kuma yi musu, ranarsu ce. Sai dai yanzu duk wadda ta ce a wanke ta, sai ta tambaya, "Wane wankin, na amare ko na Inna?" Tsofaffin unguwa masu aska kuwa, da labari ya zaga, ɗaya bayan ɗaya suka fara aikowa a kira ta, kowacce da sharaɗin a zo da hantsi kuma a bar ɓera a gida. Ita da Baba Dogara ba su fasa musu ba. An dai ga wata sandar riƙe waya a shagonsa kwanan baya, ya rantse ta Ezekiyel ce.

Hoton da ya fi kowanne a aikinta bai taɓa hawa sitatus ba, ba ya shafinta, ta ma goge shi daga wayar a gaban Inna. Mai son gani sai ya yi sallama a gidan Alhaji Zulkifilu, a ba shi wurin zama. Na farkon kuwa, mai ruwan zinariya, Inna ta hana a yar. Yana ɗakinta a bayan ƙofa, ta ma yafe masa ta juyo da shi. In baƙi suka tambaya wace ce, sai ta ce wata baiwar Allah ce Zubai ta kawo mata, ba ta ci ba ta sha, ba a kuma san gidansu ba.